Fankar da Malam Ya Bari a Tudun Jukun

Na Allah ne mu, wurinSa muka nufa, Malam kuwa ya riga ni isa. Ni ban iya rubutu ba. Auta ce ke riƙe da biro ina faɗa mata, in kuka ya ci ƙarfina ta ajiye ta jira ni. Na ce mata in mun gama ta sa a waya ta tura wa matan unguwa, wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba. Ba na so a manta da mijina. Ba na kuma so a tuna da rabinsa a bar rabi.

Ranar da aka kai shi makwancinsa gidan nan bai ɗauki mutane ba. An shimfiɗa tabarmi har bakin titi, masu keke suna juyawa su bi ta bayan layi. Ƙanwarsa ta taso daga Hanwa, tun daga zaure take kuka tana cewa yau ta zama marainiya, ita da ke da jikoki. Liman ya ce tun da aka ba shi limancin masallacin layinmu bai taɓa jin wani ya kuka da Malam ba. Tsofaffin masu gyaran rediyo, 'yan kaɗan da suka rage a Tudun Wada, suka zauna gefe guda.

Ni ina ɗaki, mata na shigowa. "Inna, ya haƙuri?" In ce da godiya. "Allah Ya jiƙansa." In ce amin. Sai kuma, kamar sun haɗa baki, kowace ta ƙara da magana guda.

"Wallahi Inna, fankar da ya yi mana har yau tana aiki."

"Tamu ma. Yanzu haka na baro ta tana hura yara."

"Ai Baba ya bar sadaka mai gudana. Duk iskar da ta taɓa mutum, lada na isa kabarinsa."

Suna faɗa ne don su sanyaya mini zuciya. Ba su san duk wadda ta faɗa sai gabana ya faɗi ba. Wadda ta ce ta baro tata a kan yara, na riƙe hannunta na ce ta koma gida ta kashe. Ta dube ni da tausayi, ta juya ta ce wa ta kusa da ita a hankali, "Mutuwar ta taɓa ta." Ta gyara zama aka ci gaba da gaisuwa.

Mutum ɗaya ne ya faɗi abin da ke raina. Mai shagon kayan wuta na bakin kasuwa, mutumin Kudu ne, Kirista, wurinsa Malam ke sayen waya da dalma shekara da shekaru. Ya zo ya tsaya bayan labule ya ce, "Mama, sannu. Baba ubana ne, ba kwastoma ba." Sannan ya rage murya. "Mama, fankokin nan, wa zai riƙa dubawa yanzu?"

Tun a lokacin na san fankar da ta fi damuna. Tana Tudun Jukun, a kan kujera, dab da katifar aminin Malam, mutumin da ba zai iya tashi ba ko da wuta ce ta kama ɗakin.

Bari in faɗi yadda aka yi aka zo nan.

Malam mai gyaran rediyo ne tun ina amarya. Da zamanin kaset ya wuce mutane suka koma kan waya, aikin ya mutu a hannunsa yana kallo. Rediyoyin da masu su ba su dawo karɓa ba suka cika mana zaure. Shi kuwa ba ya iya zama haka kawai. Sai ya fara farke su yana ciro wata 'yar aba mai nauyi, ba ta wuce babban yatsa ba, da ɗan tsinken ƙarfe a bakinta. Rota suke ce mata. Ita ce ke juya kaset. In an sa mata batir sai tsinken ya hau juyawa. Ya yanko murfin bokitin roba ya yi mata fukafukai, ya dasa ta a gwangwanin madara da ya cika da siminti. Fanka ke nan.

Ta farko don maƙwabciyarmu ya yi. Ta haihu a tsakiyar bazara, wutar lantarki kuwa an ɗauke mana har mun daina jira. Jaririn duk ya feso da ƙurajen zafi, ba ya barci, uwar ba ta barci. Malam ya haɗa fankar da ƙananan batura biyu, yadda aka yi rotar ta ɗauka. Ta juya, amma iskar ba ta fi numfashin mage ba. Ya tsaya yana kallonta ransa a ɓace. Ya fita, ya dawo da tsohon batirin babur da wani ɗan acaɓa ya bar masa. Yana taɓa waya fankar ta ɗauki kuka, gwangwanin na rawa a ƙasa, labulen ƙofa ya tashi sama. Ni na kai ta ɗakin mai jego. Kafin mu gama gaisawa jaririn ya yi barci.

Daga ranar bai sake sa wa rota ƙaramin batir ba. Mai jego ta gaya wa masu barka, masu barka suka gaya wa mazajensu. Ya yi wa tsofaffi, ya yi wa masu jinya, ya yi wa mai shayin bakin layi. Ba ya cewa a'a. Wanda ya kawo batir ya haɗa masa, wanda bai kawo ba ya nemo masa.

Shi da mai shagon nan kullum a kan wannan suke. Ina tsakar gida ina jin su a zaure.

"Baba, wannan rota ta batir biyu ce. Ga shi an rubuta a jikinta. Kai kuma ka ɗora mata na babur."

"Waɗanda suka rubuta, sun taɓa yin bazara a Tudun Wada?"

"Ba su taɓa ba, Baba. Amma su suka ƙera ta."

"To su ƙera, ni in sa ta aiki."

"Za ta mutu da wuri."

"In ta mutu ga 'yan uwanta cike da kwali."

Mai shago ya matsa masa ya sa fiyus, ɗan abin nan da ke yanke wuta in ta yi yawa. Ya sa. Sai ya zama kullum yana yankewa, mutane na dawo da fanka suna cewa ta lalace. Malam ya cire ya haɗe wurin da waya. Mai shago ya ce, "Baba, Allah Ya kyauta." Malam ya ce, "Amin, miƙo dalma."

Aljihunsa kullum cike da rota. Duk rigar da na wanke sai na ɗinke aljihu kafin in ninke. Kuma komai zai taɓa, da bayan yatsa yake fara taɓawa: butar shayi, ƙarfen gado, goshin mai zazzaɓi. Ko ni in na yi fushi sai ya ɗora bayan yatsa a goshina ya ce, "Kin ɗau zafi." Dariya ta ƙwace mini, ba don na huce ba.

Faɗa ɗaya muka yi da ba zan ɓoye ba, don in na ɓoye shi ban faɗi gaskiyar Malam ba. Wata rana da rana tsaka na tafi suna a layin baya, na bar fanka tana juyawa a ɗakina don in dawo in tarar da sanyi. Ina cikin cin tuwon suna aka shigo da gudu aka ce hayaƙi na fita ta tagarmu. Maƙwabta suka ɓalle ƙofa suka watsa ruwa. Gidan sauro ya cinye, rabin katifa ya tafi, zannuwan da mahaifiyata ta bar mini da ke rataye a bango sun zama toka.

Malam ya dawo ya tsuguna cikin ruwa da toka ya tono rotar. Ko sannu bai fara ce mini ba. Ya jujjuya ta, ya kai ta hanci, ya ce, "Cijewa ta yi."

Na ce, "Ni da na rasa ɗaki ina tsaye, ita ka fara gaisarwa."

Na haɗa abin da ya rage na tafi gidan yayana a Hanwa, da furfurata. Matar yayana ta yi dariya har da hawaye, ta ce yaji bayan an aurar da 'ya'ya sai ni. Da Malam ya zo biko, me kuke tsammani ya riƙo? Fanka, a leda. Wai ya tuna ɗakin baƙin gidan ba ya samun iska. Yayana ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Tashi ki bi mijinki. Wannan ba zai canza ba, ke ma kin sani."

A hanyar dawowa ne, cikin keke, ya yi mini bayanin da ban taɓa mantawa ba.

"Gudun ba shi ne abin tsoro ba," ya ce. "Gudun yana cinye ta ne ta ciki, a hankali. In ta gaji sai ta cije ta tsaya. Wuta kuwa ba ta san ta tsaya ba, tana ta shiga, ba inda za ta, sai ta koma kan waya. Wayar ta yi ja. Abin da ke kusa ya kama."

"To ka rage mata wutar mana."

Ya ce, "In na rage, ba iska. Kin ga jaririn nan."

"Na ga katifata."

"Kafin ta cije tana faɗa," ya ce. "Muryarta na canzawa, ta koma gurnani. Tana wari irin na ƙonannen gashi. Zan riƙa jin ta kafin ta kai."

Abin da ya yi ke nan har ya koma ga Allah. Bai rage wutar ba, sai ya ɗora wa kansa zagaye. Kullum bayan la'asar ya sa takalmi, sukundireba a aljihun gaba, ya bi gida gida. Ya yi sallama, a miƙo masa fanka zaure ko a ce ya shigo. Ya saurara, ya taɓa, ya shinshina. Wadda ta kusa ya cire mata rota ya sa wata. Mutane sun ɗauka zumunci ne kawai ke kawo shi, suna ba shi ruwa, ana hira. Bai taɓa gaya musu abin da ya gaya mini a keke ba. Na ce ya faɗa musu, ya ce in ya faɗa za su ji tsoro su ajiye, su koma cikin zafi, alhali ga shi da ƙafarsa. Gidajen kuwa a kansa suke. Kaɗan ne na sani a ciki.

Ni dai na rantse fanka ba za ta sake shiga ɗakina ba, kuma bai taɓa yi mini gardama a kai ba. Gidan mai fanka, ba fanka. Shekarar da na yi doguwar jinya a lokacin zafi, shi ya zauna bakin gado da mafici yana yi mini fifita, in hannu ɗaya ya gaji ya koma ɗaya. Na ce, "Malam, ka huta." Ya ce, "Wannan ba ta cijewa." Auta, rubuta wannan ma: ina jin haushinsa, ina kewarsa, kuma na kasa raba su. In la'asar ta yi har yau kunnena na jiran ƙarar takalminsa a zaure. Babu wanda ya gaya mini cewa gida na iya yin shiru haka.

Da hawan jini ya kama shi likita ya ce ya rage yawo a rana. Ya ce to. La'asar na yi ya sa takalmi.

Yanzu maganar amininsa. Bakano ne, tela, Malam kuwa Bazazzagi, tun suna samari suke tare. Kun san Bakano da Bazazzagi, ba su taɓa gaisawa da mutunci ba.

"Bawana, an tashi lafiya?"

"Wa ke bawan wa? Ku da kuka zo cin arziki garinmu."

"Mun zo ne mu koya muku sa tufa."

Shi ya ɗinka wa Malam rigar aurenmu, ya gajarta hannu ɗaya da gangan, kuma haka Malam ya sa ta ya fita. Shekarun baya ciwo ya kayar da shi, ɓarin jikinsa ya shanye, harshe ya karye. Abin da ya rage masa hannu guda, da ido, da wasu sautuka da ba mai ganewa sosai sai Malam. 'Ya'yansa suna nesa. Matarsa ce ke fita da rana ta soya awara a bakin makaranta don su ci, ta ja masa ƙofa ta tafi.

Ɗakin rufin kwano ne, ba silin. Malam ya ce ba zai bar Bakano ya dahu tun a duniya ba. Ya yi masa wadda ta fi kowace ƙarfi, da babban batir, da ɗan farantin sola a kan rufi don kada caji ya ƙare. Matar ta murɗe wayoyi biyu da safe in za ta fita, ta raba su in ta dawo. Wuni guda fankar na gudu. Shi ya sa ta fi kowace cin rota, kuma Malam ba ya bari ta wuce Juma'a biyu. Daga masallaci can yake wucewa. Ya zauna bakin katifa yana canzawa yana surutu, duk abin da hannunsa ke yi bakinsa na faɗa. "Ka ji muryar nan, Bakano? Ta gaji ke nan. Da na bar ta kwana kaɗan da an sha gasasshen Bakano a Tudun Jukun." Shi kuma ya yi dariyarsa ta rabin baki.

Ranar wata Alhamis da hantsi Malam na zaure yana narka dalma, ya ce kansa na sarawa. Kafin azahar ba ya magana. Aka kai shi asibiti, washegari Allah Ya karɓi abinSa. Bai samu bakin barin wasiyya ba. Bayan sadakar uku ina ninke kayansa na ɗauko rigar da ya ware don Juma'ar nan, na ji nauyi a aljihu. Rota ce, an riga an liƙe mata wayoyi. Na zauna a ƙasa da rigar a cinyata. Na san inda ya nufa da ita.

Ni ina takaba, ba fita. Na aiki Auta. Matar aminin ta tare ta a tsakar gida ta ja ta gefe. Ashe ba su gaya masa rasuwar ba. An ce musu a asibiti kada a tayar masa da hankali, 'ya'yansa kuma suka bugo waya suka ce a rufe. In ya tambaya da ido, sai a ce masa Malam ya je Kaduna.

"Kada ki shiga," ta ce wa Auta. "Yana ganin idonki zai gane."

"To Inna ta ce a ɗauke fankar."

"Ki ce wa Yaya ta yi haƙuri. Ita kaɗai ta rage masa. In kin ga yadda yake yi mata kwanakin nan sai kin yi kuka. Ina haɗa waya zai hau nuna ta da hannu yana hawaye. Kewar amininsa ce. In na ɗauke ai na kashe shi."

Na aika wa mai shago. Allah Ya saka masa, ya rufe shagonsa ya tafi da kayan aiki. Matar ta ce ba za ta shigar da baƙon namiji ba, kuma in maigidan ya ga wani na taɓa aikin Malam ya gama ganewa. Ya dawo ya tsaya bayan labulen nan dai. "Mama, daga zaure nake jin ta. Muryar ba kyau."

Juma'a ta zo ta wuce. Wata ma ta zo ta wuce. Zafi ya ƙaru, hadari ya haɗu ya watse ba ruwa. Ina zaune a tsakar gida, duk hayaƙin da na hango ta saman katanga sai in miƙe, ko da shara ake ƙonawa. Abinci ya daina shiga. Ba mutuwar aminin nake tsoro ba, kowa da ranarsa. Abin da nake tsoro shi ne a ce aikin hannun Malam ne ya kai masa ita, yana kwance yana kallo.

Na sa Auta ta tambayi liman. Ya ce mai takaba na iya fita da rana in larura ta kama, ta dawo ta kwana a ɗakinta. Ƙanwar Malam ta ji labari, ta taso.

"Matar Yaya, ko arba'in ba a yi ba. Me za a ce?"

"A ce na fita."

"A kan fanka. Kina so a ce matar yayana ta kasa zaman takaba a kan gwangwanin madara."

"Ke ba ki ga ɗakina ranar nan ba."

"To je ki. Yana ganinki zai gane, ki kashe masa amini da bakinki."

Wannan maganar ta shige ni, don ita nake ta juyawa tun farko. Sannan na ce mata, "Ko na kashe shi da baki, za a samu abin da za a yi wa wanka." Ita ta miƙo mini hijabi.

Bayan azahar Auta ta tsayar da keke. Tun rasuwar ban taka waje ba, rana ta kusa makantar da ni. A layinmu da mai keke ya rage gudu saboda kwata, sai na ji siririn kukan nan ta wata taga. Gaba kaɗan ga wani, a gidan da ban taɓa sanin Malam na shiga ba. A rumfar mai aski ga wani. Shekaru na san wannan sautin, ban san ya cika unguwa haka ba. Na ce wa Auta ta riƙe gidajen a kai. Ta ce, "Inna, sun yi yawa."

Da muka isa, matar aminin ba ta nan, ƙofa a jaye. Tun daga zaure warin ya tare ni. Na san shi. Wata maƙwabciya ta gan mu ta ruga kiran matar gidan, ni kuwa ban jira ba. Na yi sallama na tura ƙofa.

Ɗakin kamar tanda. Yana kwance, ya rame, zufa ta jiƙa matashi. Fankar na kan kujerar katako dab da kansa, tana gurnani, ta yi gudu, ta sassauta, ta sake fizga. Fukafukan sun karkace don robar ta yi laushi. Baƙin gari ya zubo kan kujera. Wayar na kwance a gefen katifa, gidan sauro a naɗe a samanta. Yana ganina ya ɗaga hannun nan guda. Ba ni ya nuna ba, fankar ya nuna. Idonsa a waje, bakinsa na motsi, hawaye na gangarawa cikin kunnensa. Na ga kewa a idon mutane kwanakin nan har na gaji da gani. Wannan ba ita ba ce. Tsoro ne.

Na kama wayar da gefen hijabina na fizge. Sai da zafin ya ratsa ƙyallen ya sami yatsuna, ga bororon nan Auta na kallo. Fukafukan suka ɗan juya suka tsaya. Inda wayar ta kwanta, zanen gadon ya yi dogon layi ruwan ƙasa.

Ya sauke hannunsa. Ya saki wani dogon numfashi da na ji har cikin ƙirjina.

Matar ta faɗo ɗakin, zanenta duk mai. "Yaya, me kika yi? Me kika yi masa?" Sai ta tsaya. Ta dubi mijinta, ta dubi layin da ke kan zanen gado.

Na ce, "Ba kewa yake gaya miki ba. Malam ya koya masa muryarta. Roƙonki yake yi ki kashe."

Ta zame ta zauna a ƙasa. "Kullum," ta ce. "Kullum ni nake haɗa masa da hannuna, in ja ƙofa in tafi." Ban ga laifinta ba, kuma kada wadda ta ji wannan ta ga laifinta. Alheri ta nufa. Malam ma alheri ya nufa.

Saura maganar da ta fi nauyi. Na matsa kusa da shi. Ya dube ni sosai: ba kwalli, ba lalle. Na buɗe baki, ya ɗan girgiza kai, alamar kada in wahalar da kaina. Wanda bai taɓa saɓa masa rana ba, ai ba Kaduna ce za ta riƙe shi ba. Ya juya tafin hannunsa sama a kan ƙirjinsa. Muka ɗaga namu. Leɓensa na motsi, ba mai jin abin da yake cewa sai Wanda ake roƙo. Ya shafa rabin fuskarsa. Shi ne na ƙarshe da ya yi mini gaisuwar Malam, kuma tasa ce ta sa na yi kukan da na kasa yi ranar jana'iza. Kafin in share hawaye barci ya ɗauke shi, cikin zafin nan, baki a buɗe. Matarsa ta ce rabonsa da barcin rana har ta manta.

Na dawo ɗakina kafin magariba. Washegari mai shago ya kai masa ta kanti, mai caji. Iskarta ba ta kai ta Malam ba. Yana nan da ransa.

Wannan guda ɗaya ce, cikin 'yan kaɗan da na san ƙofarsu. Sauran suna ɗakunanku, ruwa bai sauka ba, mai zagayen kuma ya kwanta.

Ya Allah, ga bawanKa nan ya iso gare Ka. Ka san bai iya ganin mutum cikin wahala ya wuce ba. Ka yalwata masa kabari, Ka sanyaya masa shi, Ka yafe masa taurin kansa kamar yadda na yafe. Kada Ka bari abin da ya ƙera don rahama ya zama abin da za a tsayar da shi a tambaye shi. Wadda ke da fankarsa, ta tashi ta raba wayar tukuna, sannan ta dawo ta ce amin.